Ranar da Zablon Ya Buɗe Baki

Duk wanda ya ce maka ya taɓa yin hira da Zablon Asava, to shi ya yi hirarsa, Zablon gyaɗa kai kawai ya yi. Kafinta ne, kuma tun yana saurayi ya saba tara ƙusoshi a baki idan yana kan rufi, har bakin ya manta yana da wani aiki. Matarsa Ezina takan ce ko da ya je neman aurenta bai ce komai ba. Ƙofar kicin ɗin uwarta ya ga ta karkace, ya gyara, ya sha shayi, ya tafi. Sai da ƙofofin gidan suka ƙare ya koma kan kujeru, sa'an nan aka gane abin da ke kawo shi.

Ya taɓa zuwa Nakuru aiki, bai daɗe ba ya dawo. Da aka tambaye shi dalili ya ce, "Surutu." Tun daga nan bai ƙara barin tuddanmu na Maragoli ba, sai dai kasuwar Mbale sayen ƙusa.

A majami'armu ta Abokai, wadda 'yan waje ke ce wa Kweka, bayan an sha waƙa akan yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana sauraron abin da Ubangiji zai sa masa a zuciya. Wasu shirun na ba su wuya, ka ga ana susa, ana gyaran murya. Zablon kuwa nan ne gidansu. Amma tun da ya fara zama a bencin baya har gashinsa ya yi fari, ba a taɓa ganin ya miƙe ya ce an ba shi saƙo ba.

Ibadarsa a kan rufi take. Kowane rani, kafin ruwa ya sauko, majami'a kan zaɓi gida ɗaya, na gwauruwa ko na tsohon da ba shi da mai yi masa, a taru a gyara. Maza su kafa itatuwa, zumuntar mata su ɗebo ruwa su kwaɓa laka su yaɓe, sa'an nan kowa ya ja baya ya ɗaga kai, domin sama ta Zablon ce. Ka tsaya kan dutsen da ke bayan majami'a ka duba, duk kwanon da ka ga yana ƙyalli a kan gidan talaka, gudumarsa ta bi ta kai. Ba ya karɓar ko godiya. In ka matsa masa da ita sai ya nuna maka butar shayi.

Sai bara waccan tsani ya yi masa butulci. Ya faɗo, ƙugu ya goce, ya yi jinya ya tashi yana jan ƙafa. Ezina ta aika da tsanin gidan ƙaninta a hayin kogi, ta ce aro ya yi. Har yau ana aron.

To, shinge ɗaya ya raba gidansa da na Dorika Vugutsa, matar wansa marigayi. Mulamwa suke kiran juna, yadda dangin aure ke yi a harshenmu, kuma tsakanin mace da ƙanin mijinta kowa ya san ba a raba su da tsiya. Sai dai tsiyar nan gefe ɗaya take fitowa. Duk maganar da Zablon ya yi ajiya a rayuwarsa, Dorika ce ta kashe ta.

"Mulamwa! Ka tashi lafiya, ko in tambayi Ezina?"

"Hm."

"Kai, yau ka cika ni da surutu. Bari in je in huta."

Gidan Dorika ne ya zo kan layi a ranin da ya wuce. Kwanonsa ya zama rariya, bangon gabas ya jingina kamar mai jin barci. An riga an tara sabon kwano a ɗakin ajiyar majami'a, an sare itatuwa, saura taron majami'a na wata-wata ya amince a fara.

Mu ba ma ɗaga hannu a ƙirga. Magatakarda yakan saurari kowa, ya faɗi inda ya ji taron ya nufa, sa'an nan ya tambaya ko zuciyar kowa ta kwanta. In mutum ɗaya tak ya ce tasa ba ta kwanta ba, ba a take shi a wuce. Jiran sa ake yi, don wataƙila shi aka nuna wa abin da sauran ba su gani ba.

Magatakardanmu Hezron Kisia, tsohon malamin makaranta mai tabarau a kan hanci, ya bayyana yadda aikin zai tafi. Asabar mai zuwa za a fara da tokare bangon gabas a sake masa itatuwa, daga nan sai rufi. "Rufin kuma," in ji shi, "samari za su hau. Baba Zablon ya yi nasa. Bana inuwa za mu ba shi ya huta."

Dorika ta ɗaga murya daga bencin mata. "Ku ba shi kujera da sanda, ya riƙa korar mana kaji daga laka! Aikin da ba ya son magana ne, zai iya."

Majami'a ta kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, har da masu juyowa suna yi masa murmushi. Amma Zablon ya ji ta kamar ya kuskure ƙusa ya sami yatsa. Ba wanda ya zo ya tambaye shi. An zauna a bayansa an sauke shi daga sama, an ba shi kaji.

"Abokai," in ji Hezron, "zuciyar kowa ta kwanta?"

Sai aka ji benci ya yi ƙara a baya. Zablon ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Tawa ba ta kwanta ba."

Wasu yara ranar suka fara jin muryarsa. Dariyar ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Hezron ya cire tabarau ya ce a yi shiru, aka yi. Bayan an jima ya tambaya a hankali, "Aboki, kana iya faɗa mana abin da ya tsaya maka?"

Me zai ce? Kaji? Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba yanzu ba."

"To, za mu jira ka. Maganar ta kwanta sai taron wata mai zuwa."

Shi fa a lissafinsa, kafin a kai ƙofa wani zai riƙo hannunsa ya ce haba Baba, wasa ne, zo ka hau abinka. A ba shi haƙuri, ya yi "hm", Asabar a fara aiki. Abin da bai lissafa ba shi ne, mutumin da bai taɓa magana ba, ranar da ya yi ta ba wanda zai ɗauka haushi ne. A bakin ƙofa hanya aka buɗe masa. Wata tsohuwa har da kama hannunsa da hannu biyu.

Cikin makon Hezron da wani dattijo suka zo gidansa su taya shi sauraro. Ezina ta kawo shayi da dafaffen dankali. Suka zauna, suka rufe ido. Zablon ma ya rufe nasa, ba abin da yake ji sai zakaran Dorika a bayan shinge. Da za su tafi Hezron ya ce, "Kada ka gaggauta, Baba. Abu irin wannan ba a fizgo shi." Zablon ya buɗe baki, ya ga yadda mutanen nan biyu ke dubansa, ya mayar ya rufe.

Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce iyakar fili ce ke da matsala. Wasu suka ce a cikin samarin akwai wanda ba ya da tsarki. Duk wannan bai dame shi ba kamar shirun da ya fara fitowa daga bayan shinge. Dorika ta daina kiransa da safe. Ya ji labarin tana bin gidaje tana neman gafarar duk wanda bakinta ya taɓa sara, kuma gidajen da yawa.

Wata rana da hantsi yana fere ƙotar fartanya sai ga ta, ta ɗaura ɗankwali har goshi, ta tsaya nesa kaɗan kamar baƙuwa.

"Mulamwa," ta ce, murya ƙasa ƙasa, "ni ce, ko? A kaina aka nuna maka."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"Faɗa mini ko me ne ne. Na san bakina. Na san ranar da wanka ke jinya na yi masa faɗa kan magani. In wannan ne, ka gaya mini in san abin da zan roƙa."

Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma ya ga idan ya faɗa, kafin la'asar duk ƙauye ya ji, daga bakin da ya fi kowane kaifi. Ya ce a ransa saura kwana nawa ne taron, ran nan sai ya ce ta kwanta, a wuce wurin. Ya ci gaba da fere ƙota. Dorika ta tsaya, ta tsaya, ta juya ta tafi.

Ruwa bai jira taron wata ba. Ranar wata Alhamis da rana, mata na majami'a da fararen kayansu suna zumunta, hadari ya taso daga wajen tafki da iska da ƙanƙara. Zablon na tsaye a ƙofarsa ya ji wani ƙara mai nauyi, kamar an sauke buhu daga mota. Bangon gabas ya kwanta a kan gadon Dorika, rufin ya bi shi. Kujerar wansa ta karye, irin masara da na wake da ta adana don shuka suka koma cikin taɓo. Dorika ta dawo da farar rigarta ta tsaya cikin ruwa tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai, "Ashe."

Kana tsammani nan asirinsa zai tonu? Ina! Nan ma ya ƙara girma.

"Kun gani?" in ji mutane. "Da yaranmu na kan rufin nan fa? Da tana kwance a gadon fa?" Aka manta sarai cewa da an fara aiki, bangon nan aka ce za a fara tokarewa. Zablon kaɗai bai manta ba. Aka sa masa suna Mai Gani. Wata mata ta kawo masa kaza ya duba mata ko ɗanta ya tafi Mombasa ko ya zauna. Ya mayar da kazar, aka ce dubi tawali'u.

'Yar Dorika, Selifa, da ke aure can garin Hamisi, ta zo ta tafi da uwar. A al'adarmu kuwa surukuwa ba ta kwana ƙarƙashin rufin mijin 'yarta, don haka a ɗakin girki aka yi mata shimfiɗa, tare da hayaƙi da ɗan maraƙi. Gidanta ya zama kango. Kabarin wan Zablon, da ke gaban ƙofa inda take sharewa kullum, ciyawa ta fara rufe shi.

Zablon ya daina cin tuwon kirki. Yana dai riƙe da dabararsa: ranar taro zai ce ta kwanta, a gina, ta dawo, shi ke nan. Sai Selifa ta zo kwashe sauran tukwane, ta tsaya a tsakar gidansa tana gaya wa Ezina, shi yana jin su daga ɗaki.

"Mama ta ce ko an gina ba za ta dawo ba. Wai an nuna wa Baba ƙarami abu a kanta, nauyin faɗa yake ji. Ta ce wadda aka rushe wa gida daga sama ba ta komawa ta yi gardama. Ga tari ya kama ta, ba ta barci. Maigidana ma ya fara maganar a ba da filin haya a shuka ciyawar shanu."

Da Selifa ta tafi, Ezina ta shigo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Mai Gani."

Bai ɗago ba.

"Su ba su san abin da ka gani ba, ni na sani. Tsani ka gani. Na yi shiru ina jira ka gaji da rawanin nan da kanka, ashe daɗinsa kake ji. Shanu za su ci ciyawa a kan ɗan'uwanka, kana nan kana hm."

Washegari da safe ya hau babur ɗin haya, abin da ya rantse ba zai ƙara yi da ƙugun nan ba. Ya sami Dorika a bakin murhu tana tsince wake. Ta rame, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Ganinsa ta yunƙura za ta ba shi kujerarta, ita da ba ta taɓa ba shi ko hanya ba sai da tsiya. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya zauna a kan itacen girki.

"Mulamwa, ban ga komai ba."

"Kada ka lallashe ni. Na shirya ji."

"Kaji ne."

"Waɗanne kaji?"

"Kin ce in kori kaji. Aka yi dariya. Aka ce ba zan hau ba." Ya dubi murhun. "Haushi na ji. Shi ke nan. Ba a nuna mini komai ba."

Maraƙin ma ya daina motsi. Dorika ta ajiye tiren wake a hankali.

"Saboda kaji."

"I."

"Zablon." Rabonta da kiran sunansa tun ranar jana'izar wansa. "Na je gidan Jerida na nemi gafara. Jerida! Wadda akuyarta ta cinye mini ganye, ta ce ganyen ne ya shiga gonar akuya! Na durƙusa mata, Zablon, gwiwa biyu, tana kallona tana taunar rake!"

Ta fara dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ya miƙa mata ruwa ta ture hannunsa. Da ta samu numfashi sai ga hawaye.

"Kullum in na kwanta a nan ina tambayar Ubangiji me na yi. Na zo har gabanka na tambaye ka. Kana fere ƙota."

Ya ajiye ruwan a gefenta.

"Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba," ta ce. "A gabansu ka ɗaure ni, a gabansu za ka kwance. In ka yi, na dawo. In ba ka yi ba, ka gaida wanka, ka ce masa shanu na zuwa."

Ranar taron wata majami'a ta cika har taga, kowa ya zo jin saƙon. Da Hezron ya ɗago maganar gidan Dorika, Zablon ya miƙe, aka miƙa wuya.

"Ba Ubangiji ba ne. Ni ne. An ce in zauna, na ji haushi, na tsayar da ku."

Wani dattijo ya ce, "Amma Baba, bangon fa? Ai ka cece..."

"Da an fara ran Asabar ɗin, da an tokare shi. Da yana tsaye." Ya dafa benci. "Ni na kayar da shi."

A rayuwarsa bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Ya zauna. Hezron ya cire tabarau ya daɗe yana goge su. Aka yi shirun da ba wanda ya yi susa a cikinsa. Ba a yi masa faɗa ba, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Daga ƙarshe Hezron ya ce, "Mu ma mun yanke wa mutum aikinsa ba mu tambaye shi ba. Abokai, za a gina wa Mama Dorika sabon gida a inda tsohon yake. Zuciyar kowa ta kwanta?" Ba wanda ya waiwaya baya, amma kowa kunnensa na can. Bencin bai yi ƙara ba.

Ginin damina ba ginin rani ba ne. Laka ta ƙi bushewa, a yaɓa yau ruwa ya wanke gobe, aikin 'yan kwanaki ya ci makonni. Samari suka hau rufi. Zablon ya kawo kujerarsa da kansa, ya zauna gindin ayaba da doguwar sanda yana korar kaji daga laka, tun safe har a tashi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya yi dariya.

Dorika ta dawo. Kafin ta shiga ɗaki sai da ta nome kabarin mijinta. Amma lokacin shuka ya riga ya wuce, gonarta ba ta ba da komai ba bana, daga rumbun Zablon masara ke tsallaka shinge. Ya gyara kujerar wansa, sai dai ƙafa ɗaya sabon katako ce, kuma duk wanda ya shiga sai ta nuna masa ita.

Bakinta ya dawo, har da ƙari.

"Mai Gani! Me aka nuna maka yau? Za a yi ruwa, ko in shanya wake?"

"Hm."

"Ezina, rufe masa baki! Sau ɗaya ya buɗe, gida ya faɗi."

Mu maƙwabta mukan yi dariya, shi ma yakan ɗan motsa leɓe. Tarin ne dai bai bar ta ba. An kai ta asibiti, an sha magani, ya yi sauƙi ya dawo. Da sassafe, lokacin da sanyi ke saukowa daga tudu, sai ya tsallako shinge ya sami Zablon zaune da kofin shayi. Ba ya kurɓa. Yakan riƙe kofin a tsakanin gwiwa da baki har sai tarin ya lafa, ya ji ta ja tsaki ta fara zagin zakaranta.

"Sha mana, zai huce," in ji Ezina.

Wata ran ya sha. Wata ran tarin ya sake tashi kafin kofin ya kai.